Sirrin Turaren da Ke Ɓace wa Mai Shi

Duk mai shagon turare ya san wannan ƙorafin. Mutum zai sayi kwalbar Baccarat Rouge 540 ko Dior Sauvage da kuɗin da ya fi albashin ma'aikata da yawa, bayan kwana biyu ya dawo fuska a ɗaure, ya dire kwalbar a kan kanta ya ce, "Alhaji, ruwa ka sayar mini. Ina fesawa da safe, kafin in isa ofis ya gudu." Mai shago kuwa, wanda ƙamshin ya riga mutumin shigo masa, sai ya ce, "Yallaɓai, wallahi turaren nan yana jikinka yanzu haka. Tun kana bakin ƙofa na ji shi." A cikin su biyun babu mai ƙarya. Ɗaya ba ya jin komai, ɗaya kuma ƙamshin ya cika masa shago. To, ina turaren yake tafiya? Ruwa ba ya tsami banza, don haka bari mu bi sawun lamarin daki-daki.

Da farko mu san turarukan da ake magana a kansu. Creed Aventus ya fito a 2010. Yana buɗewa da abarba da 'ya'yan itace masu ɗan tsami, can ƙasa kuma akwai ƙaurin hayaƙin itace da miski. A shekarar ce kuma Jacques Polge ya haɗa Bleu de Chanel, mai lemo da citta da lubban da sandal, ƙamshi mai natsuwa wanda ba ya neman a kalle shi. Dior Sauvage na François Demachy ya zo a 2015 da bargamot, wani lemo da ake nomawa a Kalabiriya ta kudancin Italiya, da ɗan yaji, da wani ƙamshi mai faɗi da ke cika wuri. Shi kuwa Baccarat Rouge 540, Francis Kurkdjian ya haɗa shi a 2014 domin bikin cikar kamfanin gilashin Baccarat na Faransa shekara 250, daga baya ya shiga kasuwa. Za'afaran ne da yasmin da zaƙin ƙonannen sukari a kan itace. Sai Tom Ford Oud Wood na 2007, mai laushin ud da sandal.

Abin ɗaure kai shi ne, biyun da masu su ke yawan cewa sun ɓace musu, wato Baccarat da Sauvage, su ne kuma waɗanda jama'a ke kukan suna cika mota da ɗakin taro. Duk amsar da za mu samu, sai ta warware wannan ƙullin kafin mu karɓe ta.

Wanda ake fara zargi shi ne jabu, kuma zargin yana da tushe, domin duk turaren da ya yi suna sai an buga na bogi. Akwai alamun da ake dubawa: lambar da ke ƙasan kwalba ta dace da ta jikin kwali, rubutu ya fita tsaf ba tare da kuskuren harafi ba, bakin feshi ya ba da raɓa mai laushi. Na bogi yakan fara da warin sifirit mai hawa kai, kafin awa guda kuma ya mutu. Sai dai in jabu ya mutu, ga kowa yake mutuwa, mai shi ba ya ji, na kusa da shi ma ba ya ji. Mu kuwa turaren da muke nema, mutane suna jin sa. Bugu da ƙari, ana jin wannan ƙorafin har daga bakin waɗanda suka saya a shagunan kamfanonin da kansu a Faris da Dubai. Ke nan jabu yana da nasa laifin, amma wannan ba aikinsa ba ne.

Na biyu shi ne ƙarfin haɗi. Turaren fesawa mai ne da aka narka a cikin sifirit, kuma sunan da ke jikin kwalba yana nuna yawan man. Eau de Toilette yakan ɗauki kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, Eau de Parfum kashi 15 zuwa 20, Parfum ko Extrait kuma daga 20 zuwa 30 ko fiye. Waɗannan alƙaluma al'ada ce ta masu sana'ar, kowane kamfani da yadda yake auna nasa. Mutane sukan ɗauka cewa mai yawan mai shi ne mai yawan tashi. Sau da yawa akasin haka ne: mai yawan mai yakan daɗe, amma ya kwanta a jiki. Bleu de Chanel Parfum na 2018 ya fi na farkon kamun kai, sai wanda ya matso ne yake jin daɗinsa sosai. Wannan bayani yana da amfani ga mai saye, amma bai kai mu ga amsa ba, domin Baccarat Extrait da ya fito a 2017 ya fi na farkon yawan mai, kuma masu shi ma suna cewa yana ɓace musu.

Na uku shi ne yanayi da fata, kuma a nan mun fara kusantar gaskiya. Turare hawa uku ne. Akwai ƙamshin sama, irin su lemo da abarba da na'a-na'a, waɗanda ƙwayoyinsu ba su da nauyi, cikin rabin awa sun tashi. Akwai na tsakiya, furanni da kayan yaji, masu ɗaukar 'yan awoyi. Sai na ƙasa, itace da miski da ambar, masu kwana a jikin tufa. Zafi yana gaggauta tashin kowane hawa. Turaren da aka haɗa a Faransa, inda zafin bazarar Faris ke yawo a wajen digiri 25, in ya sauka Kano ko Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu, inda ake kai wa 40, dole ya yi saurin ƙonewa. Da hunturu kuma fata takan bushe, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe turare. Matan Barno sun daɗe da sanin maganin wannan: humra mai ce da ake jiƙawa ta tsumu, turaren wuta kuma hayaƙinsa zare yake shiga, shi ya sa mayafi zai yi kwanaki yana ƙamshi.

Bayanin yanayi ya warware mana batun Aventus da Bleu de Chanel. Abin da mai saye ya ƙaunata a shago shi ne abarbar nan ko lemon nan na farko. In suka tashi, sai ya ce turaren ya ƙare, alhali sauran hawa biyun suna nan. Amma rana ba ta bambance hancin mai turare da na maƙwabcinsa. In zafi ya ƙone ƙamshi, ya ƙone wa kowa. Har yanzu ƙullin Baccarat da Sauvage yana nan a ɗaure.

Na huɗu shi ne sauya haɗi. Kamfanoni sukan taɓa haɗinsu, wani lokaci saboda tsadar kaya, wani lokaci saboda doka. Tarayyar Turai ta haramta wasu sinadarai da ke sa wa mutane ƙaiƙayin fata, ciki har da biyu da ake samu a gansakukar itace da masu turare suka daɗe suna amfani da ita, kuma daga 2021 aka hana sayar da kayan da ke ɗauke da su. Masu son Aventus sun yi shekaru suna muhawara a kan lambar zubin da ke ƙasan kwalba, wannan ya ce zubin shekara kaza ya fi hayaƙi, wancan ya ce nasa ya fi abarba. Akwai kuma turaren da tun asali an yi shi ne mai sanyin murya, kamar Oud Wood, wanda bayan 'yan awoyi sai an kusanto a ji shi. A irin waɗannan, ƙorafin mai saye gaskiya ne, kuma na kusa da shi zai tabbatar masa. Ga shi mun sake dawowa wuri ɗaya: duk waɗanda muka zarga, in sun ɗauke ƙamshi, daga kowa suke ɗauke shi. Tunda abin da muke nema yana ɓace wa mutum ɗaya ne kawai, sai mu bar kwalba mu koma kan mutumin.

A 1991 masu bincike biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano ƙwayoyin halittar da ke gina masu karɓar ƙamshi a cikin hanci, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2004. Hancin ɗan Adam yana da irin waɗannan masu karɓa wajen iri 400. Aikinsu shi ne su sanar da ƙwaƙwalwa sabon abu: hayaƙi, ruɓaɓɓen abinci, baƙon wari. In ƙamshi ya zauna bai sauya ba, masu karɓar sukan rage aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuma ta daina kula da shi. Kowa ya taɓa ganin haka. Ka shiga ɗakin amarya da aka turara, ƙamshi ya tare ka tun daga labule, bayan ɗan zama ka daina jin sa, sai baƙuwa ta yi sallama ta ce, "Kai, wannan ɗaki da ƙamshi yake!" Turaren bai je ko'ina ba, hancinka ne ya saba.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa abin ya fi tsanani a Baccarat da Sauvage? Amsar tana cikin wani sinadari da suka yi tarayya a kansa, mai suna ambroksan. Asalin ƙamshinsa daga ambar ne, wani dunƙule da ke fitowa daga cikin wata ƙatuwar dabbar teku, ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa kafin a tsince shi a gaɓa. Saboda ƙarancinsa da tsadarsa, masana a kamfanin Firmenich na Suwizalan suka haɗa makwafinsa a 1950 daga wani tsiro. Ambroksan yana tashi a hankali, yana daɗewa, kuma ƙamshinsa ba ya sauyawa daga safe zuwa dare. Wannan shi ne ainihin irin saƙon da hanci ke saurin yin watsi da shi. Sauvage da Baccarat duk an gina su a kansa da yawa. Mai turaren kuma a wuya da ƙirji yake fesawa, daidai ƙarƙashin hancinsa, yana shaƙa da kowane numfashi. Wanda ya gifta shi kuwa da sabon hanci ya zo, sai ya ji abin gaba ɗaya.

Akwai shaidar da ta ƙara tabbatar da haka. Wani Bajamushe mai haɗa turare, Geza Schoen, ya fitar da Molecule 01 a 2006, wanda ƙamshinsa sinadari ɗaya ne tal, sannan Molecule 02 a 2008, wanda ambroksan ne zalla. An san su duka da hali ɗaya: mai shi ya ji, ya daina ji, can anjima ya sake ji, mutane kuwa suna ta tambayarsa me ya shafa. Ban da sabo, halittar hanci ma ta bambanta. Akwai mutanen da tun haihuwa ba sa jin wasu nau'o'in miski sosai, shi ya sa masu haɗa turare kan zuba miski iri-iri a kwalba ɗaya, domin wanda bai ji wannan ba ya ji wancan.

Kowa zai iya gwada wannan a gida. Ka fesa sau ɗaya a kan farin hankici, ka sa shi a aljihun tebur a wani ɗaki, ka fita harkokinka ba tare da ka shafa komai ba. Bayan la'asar ka dawo ka buɗe. In Baccarat ne ko Sauvage na asali, zai tare ka da ƙarfinsa, washegari ma yana nan. In Aventus ne, za ka tarar abarba ta tafi, saura itace da miski. In jabu ne, hankici kawai za ka tarar.

Sanin wannan ya wuce batun kuɗi. Wanda bai san hancinsa ne ya saba ba, ƙara feshi yake yi, daga uku zuwa goma, ya shiga sahun salla ko motar haya ko ɗakin marasa lafiya. A gefensa akwai mai asma, akwai mai juna biyu, akwai mai ciwon kai. Turare abin so ne a addininmu da al'adarmu, kuma don a faranta wa mutane ake shafa shi. Bai kamata ya zama abin cutarwa ba.

Yanzu za mu iya auna su da adalci. Wajen daɗewa da tashi, Baccarat da Sauvage ne a gaba, feshi biyu ya isa. Amma zaƙin Baccarat yakan yi nauyi da zafin rana, ya fi dacewa da dare da hunturu da wurin biki, kuma maza da mata duk suna shafa shi. Sauvage yana jure zafi, sai dai ya yawaita a jikin mutane, wanda ke son ƙamshin da za a san shi da shi ba zai same shi a nan ba. Aventus ya fi su kyau a awoyin farko na rana mai zafi, amma daɗewarsa ba ta kai kuɗinsa ba. Oud Wood na zaman kusa ne, ɗaki mai sanyi da mutane kaɗan. Wanda ke neman kwalba ɗaya da zai je ofis da ita, ya je Juma'a, ya je ɗaurin aure, bai takura wa kowa ba, Bleu de Chanel Eau de Parfum ne ya fi cancanta a cikinsu.

Kafin ka ba da kuɗinka, ka sayi ɗan tsiyaye na mili 5 ko 10, ka yini da shi a jikinka a yanayin garinku. Ka shafa man da ba shi da ƙamshi a fata kafin ka fesa, ka fesa a bayan wuya da hannu maimakon ƙirji, kada kuma ka bar kwalba a mota ko a rana. In ka daina jin ƙamshin, kada ka ƙara, ka tambayi wanda bai yini tare da kai ba. Hancinsa ne zai faɗa maka gaskiyar turarenka.