Yadda ake wanke mabul da giranit ba tare da an kashe musu ƙyalli ba

A sababbin gidajen da ake ginawa a Kano da Kaduna da Abuja, ya zama ruwan dare a shimfiɗa mabul a falo, a kuma ɗora giranit a kan kantar kicin. Kuɗin da maigida ke kashewa a kansu ba kaɗan ba ne. Sai dai sau da yawa ba a jimawa daɓen yake dusashewa, ya yi dabbare-dabbare, a koma zargin wanda ya sayar da shi. Galibi kuwa laifin yana ga abin da ake wanke shi da shi.

Mabul, irin wanda ake haƙowa a Jakura ta Jihar Kogi da Igbeti ta Jihar Oyo, ko wanda ake shigowa da shi daga Italiya, asalinsa sinadarin kalsiyam kabonet ne, wato abin da ke cikin ɓawon ƙwai. Duk abu mai tsami yana narkar da wannan sinadari. Idan lemon tsami ko ruwan khal ko tsamiya ko zoɓo ya zauna a kan mabul na ɗan lokaci, zai cinye fatarsa ta sama, ya bar wuri fari-fari marar sheƙi. Mutane kan ɗauka tabo ne, su yi ta dirza, alhali dutsen ne da kansa ya zaizaye. Babu sabulun da zai dawo da shi, sai an kira masu injin goge daɓe sun sake fito da ƙyallinsa. Tarazo ma haka yake, domin gutsattsarin mabul ne aka kwaɓa da siminti.

Saboda haka shawarar nan da ke yawo a kafafen sada zumunta, cewa a haɗa khal da lemon tsami a wanke komai na gida, tana iya yin amfani ga tukunya da tayil, amma ɓarna ce ga mabul. Abin da ya fi wannan muni shi ne asid ɗin da wasu masu sa tayil ke zubawa don cire ragowar siminti bayan an gama aiki, da kuma maganin wanke masai, wanda da yawansa ke ɗauke da asid mai ƙarfi. Duk wanda ake yi wa gini, ya kyautu ya gargaɗi ma'aikatansa tun kafin ranar wankin ƙarshe.

Giranit ya fi juriya. Dangin duwatsun nan ne irin na Kufena da ke Zariya, kuma ɗigon lemon tsami ba ya yi masa illa nan take. Duk da haka yana da ƙananan kafofi da ke shan mai, shi ya sa ake shafa masa maganin toshe kafofi, kuma yawan wanki da abu mai kaifi yana cinye wannan magani. Wanda bai tabbatar da irin dutsen da ke gidansa ba, sai ya nemi gutsuren da ya rage lokacin gini, ya ɗiga masa lemon tsami. In wurin ya dusashe, dangin mabul ne.

Abokin gaba na biyu shi ne yashi. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya fitar a 1812, mabul yana wajen mataki na 3, ƙwayar yashi kuma tana mataki na 7. Ke nan duk takalmin da ya shigo da yashi falo yana kankare daɓen ne a hankali, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke sauka dare da rana. Al'adarmu ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa ta fi kowane magani da ake sayarwa amfani a nan. A ajiye abin goge ƙafa a ƙofa, a kuma fara share daɓen da tsintsiya mai laushi kafin a sa masa ruwa.

Wankin kansa ba shi da wahala: ruwan ɗumi a bokiti, da 'yan ɗigo na sabulun ruwa na wanke-wanke, da tsumma mai laushi wanda aka matse sosai. A sake bi da ruwa zalla, sannan a tsane da busasshen tsumma. Tsanewar tana da muhimmanci, domin ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni kan bar farin shaida idan ya bushe da kansa, ga shi kuma jiƙaƙƙen mabul yana da santsin da zai iya kayar da tsoho ko yaro. Soson ƙarfe da toka da hodar dirzar tukunya ba su da wuri a nan.

Idan abu ya zube, a dangwale shi nan da nan, kada a shafe shi ya bazu. Manja da man gyaɗa su ne suka fi damun masu kicin, domin suna shiga cikin dutsen su yi duhu. A irin wannan hali, a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri kamar ƙullun ƙosai, a lafta a kan tabon, a rufe da leda, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu ya tsotso man. Wani lokaci sai an maimaita. Dabarar ba sabuwa ba ce: a Indiya, da laka ta musamman ake lulluɓe farin mabul ɗin ginin Taj Mahal don ta janye dattin da ya kama shi. Tsatsa ce mai wuyar sha'ani, tunda yawancin magungunan cire ta asid ne. Gara a sa katako ko roba a ƙarƙashin tukunyar gas da gwangwanaye tun farko.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce na dutse. Kada a kuskura a haɗa bilic da maganin wanke masai ko khal a bokiti ɗaya, domin suna fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi. A sanar da masu aikin gida wannan, tunda su ne ke riƙe da bokitin.

Don sanin ko lokacin sake shafa maganin toshe kafofi ya yi, a zuba ruwa cokali guda a kan kantar, a jira minti 15, a goge. In wurin ya yi duhu, dutsen ya fara shan ruwa ke nan, zai kuma sha mai. A sayi maganin a wurin masu sayar da dutsen, a fara gwada shi a wani lungu da ido ba ya kaiwa kafin a shafe sauran.