Majalisar da Babu Mai Rinjaye: Nazari kan Ƙawancen Siyasa a Jihar Nasarawa

Zaɓen 2023 ya bar Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa, mai zamanta a Lafiya, cikin yanayin da ba a cika gani ba a jihohin Arewa, domin daga kujeru 24 jam'iyyar APC mai mulki ta samu 11 ne kawai, PDP ta samu 8, SDP 3, NNPP kuma 2, wato babu wadda ta kai kujeru 13 da ake buƙata kafin a ce tana da rinjaye. A ƙasashen Turai masu tsarin firaminista, inda gwamnati ke fitowa daga cikin majalisa kuma take faɗuwa idan majalisar ta janye goyon bayanta, irin wannan sakamako kan tilasta wa jam'iyyu zaman sasantawa har su rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta fayyace manufofi da rabon ma'aikatu. A Beljiyam an taɓa shafe kwana 541 bayan zaɓen 2010 kafin a kafa gwamnati. A Najeriya kuwa, da yake jama'a ne ke zaɓen gwamna kai tsaye, majalisa ba ta da hannu wajen ɗora shi, saboda haka duk cinikin yakan koma kan kujerar kakaki da shugabancin kwamitoci.

Tushen rarrabuwar ƙuri'u a jihar, wadda aka cire daga Filato a 1996, yana da nasaba da yawan ƙabilunta, irin su Eggon da Alago da Mada da Gwandara da Tibi da Hausawa da Fulani, waɗanda babu guda da za ta iya cin zaɓe ita kaɗai, ga kuma Musulmi da Kirista masu yawan gaske a kowane ɓangare. Sai dai dalilin da ya fi tasiri a 2023 shi ne rikicin zaɓen fid da gwani, wato zaɓen cikin gida da jam'iyya ke yi don tsayar da ɗan takara. Ahmed Aliyu Wadada da Godiya Akwashiki sun bar APC zuwa SDP, suka kuma ci kujerun sanata na Yamma da Arewa, yayin da Mohammed Onawo na PDP ya kayar da tsohon gwamna Umaru Tanko Al-Makura a Kudu, sannan Peter Obi na LP ya zo na ɗaya a jihar a zaɓen shugaban ƙasa, duk da cewa shugaban APC na ƙasa a lokacin, Abdullahi Adamu, ɗan Keffi ne. Ƙananan jam'iyyu a nan mafaka ce ga waɗanda aka hana tikiti, ba su da wata aƙida da ta bambanta su da gidan da aka baro.

Illar hakan ta bayyana a watan Yuni na 2023, lokacin da aka wayi gari da kakaki biyu, dukansu 'yan APC: mambobi 11 suka zaɓi Ibrahim Balarabe Abdullahi a wata ma'aikatar gwamnati, 13 kuma suka zaɓi Daniel Ogazi a harabar majalisa. Abin lura shi ne ƙawancen da ke bayan kowane kakaki ya ratsa jam'iyyu ya bi mutane, kuma da yake ba a rubuta sharuɗɗansa ba, mai zaɓe ba shi da abin da zai riƙe ya tuhumi wakilinsa. Balarabe ya ci gaba da riƙe kujerar bayan sulhu, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓensa na ɗan majalisa a watan Nuwamba, Danladi Jatau ya gaje shi.

Ba wannan ne karon farko da gwamna ya rasa majalisa a Lafiya ba. A 2011 Al-Makura na CPC ya kayar da Aliyu Akwe Doma a zaɓen gwamna, amma PDP ta riƙe kujeru 20, kuma a 2014, bayan CPC ta narke cikin haɗakar da ta haifi APC, 'yan majalisar sun yi yunƙurin tsige shi, sai kwamitin mutum bakwai da babban jojin jihar ya kafa ya yi watsi da zarge-zargen. Wancan rinjayen ya zarce kashi biyu cikin uku da tsarin mulki ya gindaya don tsigewa, shi ya sa ya zama makami. Majalisar 2023 kuwa ba ta ba kowa irin wannan ƙarfi ba, abin da ke iya tilasta wa gwamna lallashi kafin kasafin kuɗi ya wuce, kuma wannan riba ce ta gaske ga jama'a. Matsalar ita ce ribar ba ta daɗewa, saboda sauya sheƙa kan mayar wa jam'iyya mai mulki rinjayen da akwatin zaɓe ya hana ta, ko da yake sashe na 109 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyarsa ba tare da ta dare gida biyu ba ya rasa kujerarsa. Muddin kakaki ne zai ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kai, alhali sau da yawa ɓangarensa ne ke cin moriyar sauyin, wannan sashe zai ci gaba da zama a takarda kawai.