Hutun Kwana Biyu A Jamus: Rabin Zakaran Da Ba Nama A Cikinsa

Duk wanda ya zauna a Abuja ya san sunan Berger, ko da bai taɓa jin kalma guda ta Jamusanci ba. Sunan ya samo asali ne daga kamfanin Julius Berger, wanda ya shigo ƙasar nan a 1965 domin gina gadar Eko a Ikko, ya kuma kafa hedkwatarsa a Utako. Saboda haka yaron da ya tashi a babban birnin tarayya yakan san Bajamushe da siminti da kwalta, amma bai san abin da ke cikin tukunyarsa ba, sai ranar da karatu ya kai shi Turai.

Samarinmu da ke jami'o'in Beljiyam da Faransa da Holan sukan haɗa kai, mutum uku ko huɗu, su ƙetara zuwa Jamus ranar Juma'a da yamma, su komo ran Lahadi. Takardar izinin zama ta ɗaya daga cikin ƙasashen Shengen ta isa, ba sai an nemi wata biza ba. Daga Brussels jirgin ƙasa mai sauri yakan kai mutum birnin Kolon cikin abin da bai cika awa biyu ba.

Da fitowa daga tashar jirgi, sai baƙo ya yi kiciɓis da babbar majami'ar birnin, baƙa ƙirin, ta tokare sama. An aza harsashinta a 1248, ba a gama ta ba sai 1880, watau shekara 632 ke nan. Tsawon hasumiyarta mita 157 ne, kuma mai son hangen kogin Rhine daga can sama sai ya biya kuɗi ya taka matakala 533, gama babu na'urar hawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu bama-bamai sun rushe kusan dukan tsakiyar garin, ita ma sun same ta, amma ba ta faɗi ba.

Rabin awa daga nan akwai Bonn, sunan da kowane mai rediyo a ƙasar Hausa ya haddace. Sashen Hausa na Muryar Jamus ya soma watsa shirye-shirye daga Kolon a 1963, tashar ta ƙaura zuwa Bonn a 2003. Mutumin Abuja yana da wani abin lura a nan: a 1991, shekarar da gwamnatinmu ta taso daga Ikko ta tare a Abuja, a shekarar ce majalisar Jamus ta yanke shawarar barin Bonn ta koma Berlin.

To, kallo dai ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da yunwa ta taso aka miƙo takardar abinci. Sunayen abincin Kolon suna da ruɗi ƙwarai. Akwai wani wai shi Halve Hahn, ma'ana rabin zakara. Ɗalibin da ya gani ya yi murna, yana jiran gasasshiyar kaza, abin da za a ajiye masa shi ne burodi da man shanu da yankan cuku mai kauri, da 'yar albasa. Ba tsoka ko ɗaya. Wannan abin dariya ne kawai, kuma halal ne. Wanda ba na dariya ba shi ne Himmel un Ääd, watau sama da ƙasa. Suna mai daɗi, an kuwa ce tuffa ce daga sama, dankalin Turawa daga ƙasa, amma abin da sunan bai faɗa ba shi ne abokin tafiyarsu: jinin alade da aka ɗura cikin hanji aka soya. Haka nan Mett, wanda ake shafawa a burodi, ɗanyen naman alade ne niƙaƙƙe.

Alade shi ne naman da Jamusawa suka fi ci, kuma yakan ɓuya inda ba a zato: cikin miya, cikin soyayyen dankali, har cikin kabeji. Don haka ɗalibi Musulmi mai hankali yakan riƙe kalmomi kaɗan tun kafin ya hau jirgi. Schwein alade ne, Speck da Schinken da Schmalz duk daga jikinsa suke. Rind saniya, Hähnchen kaza, Fisch kifi. Masu kai abinci ba sa jin haushin tambaya, sun saba da ita. Batun yanka kuwa, wasu sukan ci naman saniya bisa hukuncin abincin ma'abota littafi, wasu ba sa kusantarsa, kuma abokan tafiya sukan bar kowa da abin da ya natsu da shi.

Akwai abin da kowa kan yarda da shi, wato Reibekuchen, dankalin da aka goge aka soya shi fale-fale kamar waina, ana ci da tuffa dafaffiya. Bahaushe yakan yi mamakin haɗa gishiri da zaƙi, kuma yakan nemi yaji ya rasa. Ruwan sha ma saye ake yi, yawanci mai tartsatsi a baki, sai in mutum ya ce marar gas yake so.

Idan duk an gaji, sai a nufi wajen Turkawa. Sun fara zuwa aikin ƙwadago bisa yarjejeniyar 1961, yanzu kuwa gasasshen namansu da ake kira Döner ya zama abincin kowa a Jamus. A unguwar Ehrenfeld suna da babban masallaci mai hasumiya biyu, wanda aka yi bikin buɗewa a 2018, gidajen abincin halal kuma suna nan kewaye da shi.

Saura tsaraba. Turaren nan da duniya ta sani da sunan ruwan Kolon a birnin aka fara haɗa shi, gidan Farina yana sana'ar tun 1709. Sai dai wanda zai saya wa mahaifiyarsa ya saya ran Asabar. Yawancin kantunan Jamus a rufe suke ran Lahadi, in ban da na cikin tashar jirgi.