Kiɗa da goyo: ina wurin ƙananan yara a fagen wasa na Damagaram?

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san gari ne da ba ya rabuwa da amon kiɗa. Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, da wuya mako ya ƙare ba a ji kalangu a ƙofar gidan biki ba, ko algaita ta tashi daga wajen fada. Amma duk da wannan yalwa, akwai wata damuwa da ke cin magidanta masu ƙananan ƴaƴa, wadda ba a cika kawo ta a fili ba. Saurayi da budurwar da suka saba zuwa kallon wasa a gidan matasa, da zarar sun yi aure Allah ya ba su haihuwa, sai ka ga ƙafarsu ta ɗauke daga wurin. In kuwa sun matsa sun je, to, ko dai an bar yara a gida, ko kuma an kai jariri gaban lasifika har tsakar dare. Ko wanne daga cikin biyun akwai hasara a cikinsa, kuma ya kamata a duba ta da idon basira.

Da can, kiɗa da rana ake yin sa

Kakanninmu ba su san wannan matsala ba, domin kiɗa bai da wani gida na musamman da ake biyan kuɗi a shiga. Shi ke zuwa ya iske mutane inda suke. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma riƙe sarauta har 1884, fadar Damagaram ta shahara da makaɗanta: masu kakaki, masu algaita, masu tambari da ganguna. Ranar hawan salla ba a ware babba da yaro. Uwa takan fito da goyo a baya, wani riƙe a hannu, uba ya ɗora na uku a wuya domin ya hango dawaki. A nan yaro ke fara sanin bambancin muryar kakaki da ta algaita tun bai iya faɗin sunayensu ba. Haka ma ranar hawan ƙaho, lokacin da mahauta ke gwada jarumtarsu gaban sa, kalangu na zuga su, rabin ƴan kallo yara ne.

A cikin gida ma haka abin yake. Ranar suna ko ranar buɗar kai, mata na kiɗan ƙwarya da shantu a tsakar gida, jarirai na kan cinya, masu rarrafe na yawo tsakanin ƙafafu. In farin wata ya fito, ƴan mata su yi gaɗa a dandali, ƙannensu na gefe suna koyon tafi. In azumi ya kai kwana goma, yara da kansu ke zama makaɗa, su bi gida gida da tashe. Ga kuma wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan ƙasa, jama'a na dariya. Ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya ce zai koya masa al'ada. Kunnensa ne ya sha ta kamar yadda bakinsa ya sha nono. Waɗanda suka tashi suna jin Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram da ya rasu a 2002, da yawansu ba a kaset suka fara jin sa ba, ido da ido suka gan shi suna riƙe da rigar iyayensu.

Zamanin samariya da na orkes

Bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da samariya, aka kuma ƙirƙiro bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a nan Damagaram a 1976. Kowace unguwa na da ƴan rawarta da mawaƙanta, ana gwaji da marece, yaran unguwa na kewaye da fage. A wannan zamani ne kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ta su Yazi Dogo ta sa sunan Damagaram ya zagaya ƙasa ta rediyo da telebijin. Ko da yake samariya ba ta rasa nata aibi ba, tun da hukuma ta yi amfani da ita wajen jan akalar jama'a, ta dai riƙe abu guda mai kyau: wasanta a fili yake, kyauta, kuma kusa da gida.

Daga 1987, shekarar da aka fara gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Tawa, sai orkes suka yawaita a jahohi. Damagaram ta fito da nata: Super Haske ta Sani Abusa, da Dangana ta Ali Acibili. Maraɗi ta fito da Sa'adu Bori, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008. Gita da ganguna na Turai suka haɗu da kalangu, aka sami wani sabon ɗanɗano da matasan shekarun 1990 suka rungume shi hannu biyu. Sai dai sabon kiɗan ya zo da sabuwar ɗabi'a. Ya koma cikin katanga, a gidan matasa mai sunan Abdu Salam Adam ko a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya koma dare, ya kuma zo da tikiti. Matasan jiya su ne iyaye da kakannin yau, kuma tsarin da suka saba da shi tun suna gwauraye bai sake ba, ko da yake rayuwarsu ta sake.

Abin da ke tsare magidanci a gida

Na farko lokaci ne. A rubuta a takarda za a fara wasa ƙarfe takwas na dare, amma kowa ya san sai goma ta gota mawaƙi zai hau dandamali. Yaron da zai tashi da asuba ya tafi makarantar allo, daga nan ya wuce lakkwal, ba shi da abin yi a fage ƙarfe ɗaya na dare.

Na biyu kuɗi ne. A ƙaddara tikiti jika guda ne. Ga gwauro, wannan ba wani abu ba ne. Ga mai mata da ƴaƴa huɗu kuwa, jika shida ke nan, ban da kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ban da ɗan abin da yara za su ce a saya musu a ƙofa. Tun daga karyewar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, magidancin Nijar ya koyi auna kowace dala da tiyar hatsi, kuma bai daina ba har yau.

Na uku tsoro ne. Labarin gungun matasan da ake kira fale, waɗanda Aïcha Macky, ƴar garin, ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta mai suna Zinder a 2021, ya sa iyaye da yawa ɗari-ɗari da taron dare. Ba a kuma manta da ranar 16 ga Janairu 2015 ba, ranar da aka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta a cikin tarzoma. Uba mai hankali ba ya kai ɗansa inda bai san ƙofar fita ba.

Na huɗu shi ne zancen addini da mutunci. Malamai sun sha bamban a kan kiɗa, kuma akwai gidajen da suka rufe wannan babi gaba ɗaya. Ra'ayinsu ne, a girmama shi. Amma da yawa daga cikin masu ƙin zuwa ba kiɗan suke gudu ba. Abin da suke gudu shi ne batsa a baki, da rawar da uba ba zai iya kallo tare da ɗiyarsa ba.

Kunnen yaro ba irin na babba ba ne

Su kuma waɗanda ke zuwa da yaran, akwai haɗarin da ba su gani. Kalangu da goge, kome ƙarfin hannun makaɗi, suna da iyaka. Lasifika ba ta da ita. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani na kashe su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya jure ƙara mai ma'aunin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, amma ga yaro ta sauko da shi zuwa desibel 75. In ƙara ta kai desibel 100, abin da ya rage wa babba ma bai wuce kamar minti 20 a mako ba. A 2022 hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa kada wuraren wasa su haura desibel 100 ɗin nan, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya na cikin haɗarin rasa ji.

To, a duba yadda ake yi a bukukuwanmu. Mai kayan sauti ya jera manyan akwatunansa a ƙasa, yara kuwa, da yake su ne gajeru, su ake turawa gaba, kunnensu daidai bakin akwati. Jariri da ke goye ba ya iya cewa kunnensa na ciwo. Kuka kawai zai yi, a ce rigima ce, ko ya yi barci don gajiya, a ce ya saba. Illar ba ta fitowa a daren. Sai bayan shekaru, mushe ya yi ta kiran yaro a aji bai waiwaya ba, a ce taurin kai ne. Ma'auni mai sauƙi shi ne wannan: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to, wurin bai dace da yaro ba.

Ban da kunne, akwai sauro da damina, akwai sanyi da ƙura da hunturu. Cinkoso a lokacin ƙura shi ne abincin sanƙarau, kuma jahar Damagaram ta sake ganin ɓarkewarsa a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Yaron da ba a yi wa rigakafi ba, ba a shiga da shi tsakiyar taro.

Wa ke zama a gida?

In aka ce a bar yara a gida, kowa ya san wa za ta zauna da su. Maigida ya sa hula ya fita, ya dawo yana ba da labari, matar kuwa ta ji wasan a rediyo, in ma an sa. A babban gida na gargajiya, da kaka da gwaggo da matan ƴan'uwa, barin yaro na ƴan awoyi ba ya zama magana. Amma ma'aikacin da aka kawo daga wata jaha, yana haya a ɗaki biyu, ba shi da wannan gata. Binciken da aka yi a 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ƴaƴa 7,6 a matsakaici, na 2021 kuma ya ba da 6,2. Ke nan macen da ta ce za ta jira sai ta gama goyo kafin ta koma kallon wasa, za ta jira kusan shekara ashirin.

Wannan lissafi ya shafi makaɗa su ma. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma jahar Damagaram ita ce ta fi kowace yawan jama'a, da mutum fiye da miliyan uku da rabi a ƙidayar 2012. Mawaƙin da ya rufe wa yara da iyayensu mata ƙofa, ya kori mafi yawan kasuwarsa da hannunsa. Yaron da bai taɓa ganin yatsun mai gurmi a kan tsirkiya ba, wanda duk kiɗan da ya sani daga cikin salula yake fitowa, ba zai biya ko dala gobe don ya ga makaɗin garinsu ba.

Gyaran ba mai tsada ba ne

Ba sai an gina sabon gida ba. An yi wa gari kwaskwarima lokacin bikin 18 ga Disamba na 2006, aka sake yi a 2018 da shirin Zinder Sabuwa. Ga gidan matasa, ga filin kokowa na Langa-Langa, ga filayen makarantu. Abin da ya rage tsari ne.

Masu shirya wasa su ware rana guda, Asabar ko Lahadi, a fara bayan la'asar a tashi kafin magariba, kuma a fara a kan lokaci. Yaro ƙarami ya shiga kyauta in yana tare da uba ko uwa. A ɗaga akwatunan sauti sama da kan yara, a ja igiya tsakaninsu da jama'a, a rage ƙara. A shimfiɗa tabarmi a gefe mai inuwa domin masu shayarwa, a aje randar ruwa, a gyara makewayi. Mawaƙi ya zaɓi waƙoƙin da zai iya rerawa gaban mahaifiyarsa. A kuma haɗa ƴan orkes da makaɗan gargajiya a dandamali guda, a bar yara su matso bayan wasa su taɓa kalangu, su tambayi mai algaita yadda yake busa ba ya yanke numfashi. Ma'aikatar magajin gari, wadda ke ba da izinin taro, tana iya sa waɗannan cikin sharuɗɗanta, gidajen rediyo masu zaman kansu kuma su yi shela.

Iyaye ma da nasu aikin. A zauna baya, nesa da lasifika, kusa da ƙofa. A ci abinci kafin a fito. Da yaro ya fara toshe kunne ko ya rikice da kuka, a tashi, ko da waƙar da aka zo dominta ba ta zo ba. Jariri ɗan wata biyu ko uku kuwa, muryar uwarsa ta ishe shi. Maƙwabta su riƙa karɓa-karɓa: yau wannan gida ya riƙe yaran wancan, wani mako a juya. Maigida kuma ya tuna ita ma uwar ƴaƴan da kunne aka halicce ta. Ranar da ya zauna da yara ta je tare da ƴan'uwanta, rawaninsa ba zai faɗi ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sallar da ke tafe, in an buga tambari a ƙofar fada, dubban yara za su fito kamar yadda iyayensu suka fito. Saura masu gidajen wasa da ƴan orkes su ba su wuri a sauran ranakun shekara.