Makunnin da ke katse mai idan mota ta yi karo: a san shi kafin a taɓa shi

Mota tana tafe lafiya lau, ta faɗa rami da ƙarfi, ko wani ya ɗan doke ta ta baya a cunkoso, sai inji ya yi tari ya mutu. A murɗa makulli, kik yana juyawa, fitilun dashbod duk sun kama, ga mai a tanki, amma inji ya ce bai san zancen ba. Daga nan ake soma ɓarnar kuɗi: a sauke tanki, a sayo sabon famfon mai, a ɗora wa ƙwaƙwalwar mota laifi. Alhali a wasu motocin babu abin da ya lalace. Wani ɗan makunni ne da bai wuce girman akwatin ashana ba ya ji bugu, ya katse wutar da ke zuwa famfon mai, kuma aikin da aka sa shi ke nan. Masu kayan gyara suna kiransa inashiya suwic.

Dalilin samuwarsa yana cikin sauyin da aka samu daga kafireto zuwa injekta. A yawancin tsofaffin motoci masu kafireto inji ne da kansa ke juya famfon mai, saboda haka da inji ya tsaya mai ya tsaya. Mota mai injekta kuwa famfonta na lantarki ne, galibi yana nitse a cikin tanki, yana tura fetur da ƙarfin da ya kai kusan bar 3, wato wajen PSI 40 a ma'aunin da mai faci ke duba iskar taya. Motar tsere ta Ingila, Triumph TR6, wadda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1976 tana da samfuri mai injekta na kamfanin Lucas, wanda ƙarfinsa ma ya haura PSI 100. Idan tiyo ya fashe a hatsari, famfo kuma yana samun wuta, fetur zai riƙa feshi a kan inji mai zafi da wayoyin da suka tsinke, direba kuwa wataƙila ya suma, ko ƙarfe ya danne shi, babu mai zare makulli.

Abin da ke cikin makunnin ba shi da wata sarƙaƙiya. Ƙwallon ƙarfe ne ƙarami yana zaune a gindin wani gurbi mai siffar mazurari, maganaɗisu yana riƙe da shi daga ƙasa. Girgizar tafiya ta yau da kullum ba ta isa ta raba su. Bugu mai ƙarfi, ta gaba ko ta baya ko ta gefe, shi ke fizge ƙwallon ya haura bangon gurbin, ya doki wani ɗan ƙarfe a sama, wuta ta yanke, maɓallin da ke kan makunnin ya taso. Ba ya komawa da kansa. Sai an sa yatsa an danna.

Ba kowace mota ke da shi ba, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai mota ya tabbatar kafin ya shiga ɓalle-ɓalle. Ford ta daɗe tana sa shi, haka Jaguar da Rover da Land Rover da Lotus da Fiat da Alfa Romeo, da wasu Peugeot na shekarun 1990. Toyota kuwa, kamar akasarin motocin zamani, ta bar wa ƙwaƙwalwar mota aikin: da jakar iska ta fashe ko inji ya tsaya, famfo ya tsaya, a kashe makulli a sake kunnawa shi ke nan. Wanda ya je neman maɓalli a irin wannan mota zai yini bai gan shi ba.

A motocin tsere kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa. Ford Mustang ta 1987 zuwa 2004, a cikin but yake, ta hannun hagu, kusa da fitilar baya, a bayan shimfiɗar da aka lulluɓe jikin but da ita. A samfurin 2005 an dawo da shi gaba, wajen ƙafar direba, daga baya kuma aka daina sa maɓallin ɗungurungum. Jaguar XJS, a jikin ginshiƙin ƙofar gaba yake. TR6, a ƙarƙashin bonet, jikin bangon da ya raba inji da mazauna mota. MGF da ta fito a 1995 da Lotus Elise da ta biyo baya a 1996, waɗanda injinsu ke bayan kujeru, nasu yana can ɗakin inji, ana kai masa hannu ta baya. Littafin da ke zuwa da mota shi ya fi kowa sanin wurin, idan kuma ya ɓata, kamar yadda ya saba ɓacewa a motocin da ke shigo mana ta Kwatano, ana samun kwafinsa a intanet.

Kamanninsa ba su da wuyar ganewa: ɗan akwatin roba, yawanci baƙi, a tsaye, an ɗaure shi da sukuru biyu a jikin ƙarfen mota, maɓalli a samansa, ja ko baƙi ko fari, wani lokaci da hular roba mai laushi, soket mai waya biyu ko uku a ƙasansa. Kunne ma yana taimakawa. A mota mai lafiya, idan aka murɗa makulli ba a kai ga tayarwa ba, ana jin gunjin famfo daga wajen tanki na daƙiƙa biyu ko uku. Idan shiru aka ji bayan wani bugu, a duba makunnin da fiyus kafin a kira kowa.

Dannawar ma tana da ƙa'ida, kuma a nan gaggawa ke kashe mutane. A fara kashe makulli. A fito a zaga motar, a leƙa ƙarƙashinta, a shinshina. Idan an ga ɗigon fetur ko an ji warinsa, kada a danna komai, a janyo motar. Idan babu, a danna maɓallin har ya zauna, a murɗa makulli na 'yan daƙiƙu ba tare da an tayar ba, a kashe, a sake duba ko yoyo ya bayyana yanzu da ƙarfin mai ya dawo. Sannan a tayar.

Masu irin waɗannan motoci sukan so su ɗauke makunnin daga inda yake. Wani ruwa ne ke taruwa a wurin har soket ya yi tsatsa. Wani ya cika but da manyan sifika ko ya mayar da batir can, wani yana sa ƙarafan kariya a cikin motar don tsere, wani kuma ya gaji da cire shimfiɗa duk lokacin da abin ya yanke. Ra'ayina shi ne idan dalilin bai wuce son sauƙi ba, a bar shi inda yake. Kamfanin da ya ƙera motar ya zaɓi wurin ne daidai da yadda bugu ke ratsa jikinta, makunnin kuma an auna shi da wannan wurin. Wanda ke yawan yankewa ba gaira ba dalili, sau da yawa sukurunsa ne suka saki yana lilo, ko kuma ya tsufa yana neman canji. A canza shi da irin na motar, don ba duka ne ƙarfin bugun da ke tayar da su ya zo ɗaya ba.

Idan matsarwar ta zama dole, a cire kan batir tukuna. Sabon wurin ya zama ƙarfen jikin mota mai kauri, wanda ba ya lanƙwasa, ba robar dashbod ba, ba murfin but ko ƙofa ba, ba kuma jikin inji ba, domin kowannensu yana da girgizar kansa da za ta riƙa ruɗa ƙwallon. A ɗaura shi a tsaye, maɓalli yana kallon sama, kamar yadda aka same shi. Wanda aka kwantar ko aka karkata, ko dai ya riƙa yankewa a kowace gargada, ko ya ƙi yankewa ranar da ake buƙatarsa, kuma na biyun ba a gane shi sai aikin gama ya gama. Sukuru biyu ne nasa, ba igiyar roba ko gam ba. Kada ya kasance inda gwiwa ko kaya za su riƙa dukansa, ko inda ruwa ke bi.

Waya ita ce inda aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. A motocin Ford da yawa, duk wutar da famfo ke ja ta cikin makunnin take ratsawa, saboda haka wayar ƙari dole ta kai kaurin ta asali ko ta fi. Siririyar waya za ta yi zafi, ta rage wa famfo ƙarfi, mota ta riƙa shaƙewa a kan gudu. Mahaɗa a yi mata dalma ko a matse ta da maƙalin waya na ƙwarai a rufe, ba a murɗe da hannu a naɗe da salatif ba. Duk inda waya za ta ratsa hudar ƙarfe a sa mata zoben roba. Idan soket mai waya uku ne, a yi wa kowace alama kafin a yanke, domin a wasu motocin ta ukun ce ke kunna fitilar gargaɗi ko ta buɗe makullan ƙofofi bayan hatsari.

Kafin a ɗaure shi a gwada. A mayar da batir, a tayar da inji, a riƙe makunnin a tsaye a hannu, a ɗan doke shi da ƙotar sukundireba. Maɓalli zai taso, inji ya mutu cikin 'yan daƙiƙu. A danna, a sake tayarwa, sannan a ɗaure.

Akwai wani gyara da ya fi duk waɗannan sauri, kuma shi ne wanda mai wayarin zai iya kawo wa mai mota a bakin titi: “Alhaji, a bari in haɗa shi dairek kawai, ba zai sake damunka ba.” Zai zare soket ya haɗa wayoyin biyu, mota ta tashi nan take. Yin haka na minti ɗaya don a gano ko makunnin ne ya lalace ba laifi ba ne. Barin sa a haka kuwa yana nufin babu sauran abin da zai tsayar da famfo idan tiyo ya fashe inji yana aiki. Amsar ita ce, “Malam, gwada ka gani, amma ka mayar mini da shi yadda yake, in ya mutu mu nemo wani.” Mai sayen tsohuwar Mustang ko Jaguar ko Peugeot ma ya kamata ya leƙa wurin tun kafin ya biya kuɗi. Idan ya tarar da soket a zare, an cusa masa guntun waya ko an naɗe shi da salatif, wani ya riga ya yi wannan aikin, sai a sa kuɗin sabon makunni a cikin ciniki.