Fitowar Farko a Fim ɗin Ɗalibi

Duk ɗalibin da ke karatun fim, a makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos ne ko a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, akwai ranar da za a ce ya ajiye biro ya ɗauki kyamara. Gajeren fim aka fi nema, kuma a gajeren fim fitowar farko ce ke sa mai kallo ya gyara zama ko ya jawo wayarsa.

Abin da ya fi kashe ɗalibai shi ne kwaikwayon abin da suka saba gani. Za a nuno gari daga sama, a nuno mota tana hon, maigadi ya fito da gudu ya buɗe get, a bi Alhaji har falo. Minti biyu sun tafi, ba wanda ya san labarin wa ake bayarwa. Fim mai awa biyu zai iya jure wannan asara. Mai minti goma kuwa, an ƙona kashi ɗaya cikin biyar ke nan a kan ƙofar gida.

A dubi yadda Usman Sembene na Senegal ya yi a 1963, bayan ya dawo daga koyon fim a Mosko. Fim ɗinsa Borom Sarret bai wuce minti 20 ba. Da kiran salla ya buɗe a Dakar, sai ga mai keken doki yana addu'a kafin ya fita neman abin da iyalinsa za su ci. Shi ke nan an san mutumin, an san garinsa, an san abin da ya fitar da shi, har an fara jin tsoron kada ya dawo hannu rabbana. Aikin fitowar farko bai wuce haka ba.

Sai dai kasancewarta ta farko a allo bai sa ta zama ta farko a lokeshan ba. Ba a jere ake ɗaukar fim ba, edita ne ke jera shi daga baya. Ranar farko kowa a ɗarare yake: jaruman abokan aji ne, bakinsu na rawa, mai ɗaukar hoto bai gama sabawa da kyamarar da aka aro ba. Gara a fara da ƙananan fitowa, a bar mabuɗin sai hannu ya faɗa.

In a waje za a ɗauka, rana ce daraktan gaskiya. A ƙasashenmu tana hawa da sauri, hasken safiya mai taushi ba ya daɗewa. Da ta take tsaka sai inuwa ta cika kwarmin ido, wanda ya sa hula kuma goshinsa ya ɓace. Shi ya sa ake fara ɗaukar hoto mai faɗi tun da sauran sanyi, sannan a matso kan fuskoki, inda farin kwali kaɗai ya isa ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Hazon hunturu yana tausasa haske, amma ƙurarsa ba ta raga wa gilashin kyamara.

Sai batun inda za a kafa kyamara, ga misali a kusa. Uwa na tankaɗe a tsakar gida, ɗanta ya shigo da takardar kora daga makaranta a aljihu. A ƙaddara akwai zare miƙe tsakaninsu. Kyamara za ta zaɓi gefe ɗaya na zaren ta tsaya a nan, ko uwar ake nunawa ko ɗan. Da ta tsallaka, a allo sai a ga su biyun suna kallon waje guda, kamar ba da juna suke magana ba. Haka mayafin uwar: in a kafaɗar dama yake a ɗauka ta farko, kada ya koma hagu a ta uku. Mai kula da kwantiniti ya riƙa ɗaukar hoto da waya bayan kowane kot, don ƙwaƙwalwa ba abar dogara ba ce a nan.

Sauti kuwa shi ne marayan fim ɗin ɗalibai. Mai kallo zai yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba zai zauna yana cewa "me ya ce?" ba. Tun kafin ranar ɗauka a je wurin a daidai lokacin da za a yi aikin, a kasa kunne: injin markaɗe, janaretan maƙwabta, adaidaita sahu, lokacin tashin 'yan makaranta. Makirufo ya kusanci baki iyakar yadda ba zai shiga hoto ba. In ba allon da ake bugawa, wani ya tafa sau ɗaya a gaban kyamara, da shi edita zai haɗa murya da leɓe. Kafin a naɗe kaya kuma kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi sautin wurin, da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu. Gaisuwa wurin mai unguwa ma kada a raina ta, ita ke hana a tashe ku ana tsakiyar aiki.

Ɗalibi, in ka haɗa fitowarka, nuna wa wanda bai karanta labarin ba, ka tambaye shi wane ne wannan, ina yake, me yake nema. In ya yi inda-inda, kada ka tsaya yi masa bayani. Koma lokeshan ka sake ɗauka.