Masu Zuwa Tafsiri Da Alƙalami

A Sabo ta Ibadan, da Agege da Idi-Araba a Ikko, masallatai kan cika maƙil da masu sauraron tafsiri cikin watan azumi. Amma da yawa kan tashi da daɗin muryar mai jan baƙi kawai, ba su riƙe hukunci ko ɗaya ba.

Wannan hasara ce ga mazaunin Kurmi, wanda malaminsa ke can Arewa. Direban babbar mota da falken goro suna bukatar sanin cewa a mazhabar Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 a gari ya bar ƙasaru. Mai shago kuwa, zakkar hajarsa ɗaya ce cikin 40, in ta kai nisabi, shekara ta kewayo.

Saboda haka masu lura kan zo da ɗan littafi. Ba duk maganar malam suke kwafewa ba. Sukan rubuta sunan sura, da lambar aya, da hukuncin da ya shafe su, da boko ko ajami. Abin da ya shige musu duhu su ja masa layi, su tambaya bayan an shafa fatiha. Ranar da gardama ta tashi a tasha, suna da abin dubawa.